A gidanmu ba a cewa wayyo

A ƙauyenmu da ke ƙasar Ringim, idan baƙo ya tambayi gidan 'yan wasa, ƙaramin yaro ma zai kai shi ƙofar gidanmu. Kakana, Allah Ya ji ƙansa, ɗan kokawa ne. Idan kaka ta yi aka gama ɗaure gero, makaɗa kan zo har zaure su tafi da shi garuruwan da ake taro, ya dawo da riga ko akuya. Ban riske shi da ƙarfinsa ba, amma na riski labarin da ake ba kowane yaro a gidan: wata shekara haƙarƙarinsa ya karye tun a kamun farko, ya ci gaba har ya kayar da abokin karawarsa, bai gaya wa kowa ba sai da aka iso gida. Da alfahari ake ba mu labarin, mu ma da alfahari muke karɓa.

Baba shi ya kawo ƙwallo gidan. A kwalejin horon malamai ya koya, ya dawo ya zama malamin firamare, shi ke kula da wasanni. Baffana ɗan dambe ne. Yayana gola ne, har yanzu yatsunsa biyu a karkace suke. Yayata ma ta ciyo kofin gudu a makarantar kwana kafin a yi mata aure. Ni ne auta, an haife ni a 1991, shekarar da aka ƙirƙiro jihar Jigawa.

Abu na farko da nake iya tunawa a kan ƙwallo shi ne wani dare na damina a 1996. Muna barci sai muka ji ihun Baba a tsakar gida, Inna ta fito a guje tana salati, ta ɗauka maciji ne. Ashe rediyo yake saurare, Kanu ya ci ƙwallon da ta fitar da Brazil a gasar Olamfik ta Amurka, bayan Najeriya ta farke ƙwallaye daga 3 da 1 ta gama da 4 da 3. Baba mutum ne mai kamun kai, ko dariya ba ya yi da ƙarfi. Amma a daren nan ya ɗaga ni sama yana juyi da ni cikin yayyafi. Ina da shekara biyar. Tun daga ranar na san akwai abu ɗaya a duniya da ke sa ubana irin wannan farin cikin, kuma na so in zama ni ne zan riƙa kawo masa shi.

Da ƙwallon tsumma muka fara, a filin makaranta mai cike da ƙarangiya, ba takalmi. Wata rana na doki dutse maimakon ƙwallo, farcen babban ɗan yatsana ya ɗaye gaba ɗaya. Na zauna ina kurma ihu. Baba ya zo ya tsaya a kaina, bai daka mini tsawa ba, a hankali ya ce, "Tashi, Auta. A gidan nan ba a cewa wayyo." Ya yage gefen rawaninsa ya ɗaure mini, na koma fili ina ɗingishi. Da daddare na ji yana ba Inna labari yana cewa yaron nan jinin kakansa ne. Ban taɓa jin daɗin wata magana kamar ta ba. Ina so mai karatu ya fahimci cewa Baba ba mugu ba ne, bai taɓa dukana ba. Abin da aka ba shi ne ya ba ni.

Na gama sakandare a 2009 na tafi Kano. Wanda yake garin a shekarar ya san yadda ƙwallo ta kama wuta. Kano Pillars ta ɗauki kofin babban rukunin Najeriya karo na farko a 2008, a 2009 kuma ta fitar da Al Ahly ta Masar daga gasar zakarun Afirka, ta kai wasan kusa da na ƙarshe kafin Heartland ta Owerri ta tsayar da ita. A ƙarshen shekarar aka buga wasu wasannin kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 17 a filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata. Ranar da na fara shiga filin na ji jama'a sun ɗauki "Sai masu gida!" da murya ɗaya, tsigar jikina ta tashi. Sai kuma ga Ahmed Musa, wanda na girma da shekara ɗaya, ya ci ƙwallo 18 a kaka guda, a 2010 ya wuce ƙasar Holan. Duk yaron da ke iya gudu da ƙwallo a gefen fili ya ɗauka shi ne na gaba. Ni ma haka na ɗauka, kuma ba ruɗin banza ba ne, don ina da gudu, ƙafata ta hagu kuma tana aiki kamar ta dama.

Wata ƙaramar ƙungiya a rukunin ƙasa ta ɗauke ni, lamba bakwai. Yaya ne ya saya mini takalmin ƙwallo na gwanjo a Ƙofar Wambai, ya ɗan yi mini yawa, ina cusa takarda a gaba. Rayuwar ba ta da wani daɗi. Albashi a ba ka wata ɗaya a riƙe uku. Tafiya wasa mu ashirin da wani abu a bas ɗaya, mu kwana a ajin wata makaranta, gari ya waye mu shiga fili. Likitan ƙungiya kuwa wani bawan Allah ne mai jaka da man zafi da bandeji da ruwan sanyi. Duk wannan bai dame ni ba. Idan na zo gida hutun Sallah, yara kan biyo ni tun daga bakin titi. Baba ba ya yabona a gaban idona, amma yana da wani littafin rubutu irin na 'yan makaranta, a ciki yake rubuta kowane wasa da na buga, da garin, da ko na ci. Duk ranar wasa zai kira bayan isha'i, tambayarsa ɗaya ce: "Me zan rubuta?"

Shekara huɗu ina wannan. A daminar 2013, 'yan watanni bayan Najeriya ta ɗauko kofin Afirka a Afirka ta Kudu, muka je wasa wani gari. An yi ruwa da safe, filin laka ce a ƙasa, ciyawa a sama. Na karɓi ƙwallo da gudu, na taka ƙafar dama zan yanke mai tsaron baya in koma ciki. Takalmin ya kafe a laka, jikina ya juya, ƙafar ba ta juya ba. Babu wanda ya taɓa ni. Na ji wata ƙara a cikin gwiwata, ƙas, kamar an karya ɗanyen kara. Kafin mu isa masauki gwiwar ta kumbura ta yi kamar ƙwarya.

An yi hoton ƙashi aka ce ƙashi lafiya lau. Na zo gida aka kai ni wajen mai ɗorin garinmu, ya mammatsa, ya ce targaɗe ne, ya ja, ya shafa magani ya ɗaure. Ba na ganin laifinsa ko kaɗan. Mutumin nan ya ɗora karayar da ba ta ƙirguwa a yankinmu, kuma sun warke. Sai dai abin da ya same ni ba a ƙashi yake ba, hannu ba ya jin sa, hoton ƙashi ma ba ya nuna shi. Bayan mako shida kumburi ya saɓe, ina tafiya daidai, har gudu ina yi idan miƙe ne. Kowa ya ce alhamdu lillahi.

Ni kaɗai na san ba a warke ba. Da zarar na juya da sauri, sai gwiwar ta zame, kamar wani ya zare mini ƙafar daga ƙasa. Ta yi mini haka a bakin rijiya, ta yi mini a matakalar masallaci. Inna ce kaɗai ta lura, don ta ga ba na iya zaman tahiya sai na miƙe ƙafar gefe. Ta same ni a ɗaki ta ce, "Auta, ƙafar nan ba ta warke ba ko?"

Na ce, "Ta warke, Inna. Sabo ne kawai."

Ta dube ni ta daɗe, ta ce, "Ni na haife ka fa." Na sunkuyar da kai ban ce komai ba. A nan ne ya kamata in buɗe baki. Na sha komawa wannan ɗakin a zuciyata, na sha tambayar kaina abin da ya riƙe mini harshe. Tsoron rasa gurbina a ƙungiya yana ciki, don wanda ya daɗe a benci mantawa da shi ake yi. Rashin kuɗin asibiti ma yana ciki. Amma babban abin shi ne na kasa tunanin yadda zan tsaya gaban Baba in ce ina jin ciwo. Jikan mutumin da ya yi kokawa da karyayyen haƙarƙari, a ce targaɗe ya kwantar da shi?

Na koma Kano. Wani abokin wasana ya ga yadda nake cije baki bayan atisaye, ya miƙo mini ƙwaya biyu, ya ce yawancin mutane da ita suke bugawa. Tiramol ce. Ranar farko na ji kamar an sauya mini ƙafa. Na ɗaure gwiwar da bandeji tamau, na buga minti casa'in, har na ci ƙwallo. Da daddare Baba ya kira na ce ya rubuta ɗaya. Ƙwayar ba ta hana gwiwar zamewa, abin da take yi kawai shi ne ta hana ni jin gargaɗin da jikina ke yi mini. Daga ranar wasa kaɗai ta koma ranar atisaye, daga nan ta koma kullum. Biyu suka daina isata.

A farkon daminar 2014 wata ƙungiya ta babban rukuni ta kira ni gwaji. Abin da na yi shekara biyar ina jira ke nan. Kwana biyu na farko na yi abin kirki, har koci ya tambayi sunan garinmu. Rana ta uku na tashi sama neman ƙwallo da ka, na sauko a kan ƙafar dama, gwiwar ta zame ta kuma kulle. Ta ƙi miƙewa, ta ƙi lanƙwashewa. Mutum biyu suka ɗauke ni waje, wasa ya ci gaba. Tsohuwar ƙungiyata ta ce in je in yi jinya, idan na warke in dawo. Ko kwafin takardar da na sa wa hannu ba ni da shi, balle in nemi haƙƙin wata huɗu da nake bi.

Watannin da suka biyo baya su ne mafi duhu a rayuwata. Na dawo ƙauye da sanda. Duk wanda na haɗu da shi tambayarsa, "Yaushe za a koma?" ko "Yaushe za mu gan ka a talabijin?" Da kyakkyawar niyya suke yi, amma kowace tambaya kamar an taka mini gwiwar. Na daina zuwa majalisa, na daina fita sai sallar asuba da isha'i, lokacin da duhu zai rufa mini asiri. Ranar da Ahmed Musa ya ci Ajantina ƙwallo biyu a gasar kofin duniya ta Brazil, ina kwance a ɗaki, ina jiyo ihun gidan kallo daga bakin kasuwa. Sau biyu garin ya ɗauka. Na ja zane na rufe kaina. Ba na yi masa baƙin ciki, Allah Ya sani, amma na ji kamar ana bikin wani abu da aka binne ni da shi.

Ƙwayar kuwa ban daina ba. Yanzu ba don ƙafa nake sha ba, don in samu in yi barci ne, in daina tunani. Wani yaro nake aika ya sayo mini a ɓoye. Wata rana da hantsi ina zaune a tsakar gida sai na faɗi ina karkarwa, kumfa na fita a bakina. Inna ta ɗauka iska ce, aka kira malami ya yi ta tofi. Yaya ne ya shiga ɗakina ya ɗaga katifa, ya fito da fankon ƙwayoyin cike da leda, ya zube su gaban Baba. Daga baya likita ya tabbatar mana cewa yawan shan tiramol na jawo irin wannan faɗuwar mai kama da farfaɗiya.

Na jira faɗa, bai zo ba. Baba ya kalli ledar, ya kalle ni, ya ce, "Tun yaushe?" A ranar na faɗi komai, tun daga ƙarar da na ji a filin laka. Ya saurara har na gama. Ya ce in shirya, jibi za mu Kano.

A asibitin ƙashi na Dala aka tura mu yin hoton MRI, wanda ke nuna jijiya da guringuntsi. Likitan ya ɗauko gwiwar roba ya nuna mana. Ya ce a tsakiyar gwiwa akwai jijiyoyi biyu da suka gitta juna, su ke riƙe ƙashin cinya da na ƙwauri kada su goce. Ta gaban ce ta tsinke mini, kuma irinta idan ta tsinke gaba ɗaya ba ta haɗewa da kanta, ko shekara nawa aka yi ana shafa magani. Aiki ake yi, a ciro wata jijiya daga jikin mutum a dasa a gurbinta, sannan a yi watanni ana gashi da motsa ƙafar, kusan wata tara ko fiye kafin a koma fili. 'Yan ƙwallo da yawa sun yi sun dawo. Matsalata ita ce duk zamewar da gwiwar ta riƙa yi, tana yaga guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan kamar matashi, yagaggen ɓangaren ne ya maƙale ya kulle ƙafar. Ya tambaye ni tsawon lokacin da na yi ina wasa a haka. Na ce kusan shekara. Ya ajiye biro, ya ce, "Me ya hana ka zuwa tun farko?"

Ban amsa ba. Baba na zaune kusa da ni.

A tashar 'Yankaba muna jiran mota ta cika, muna zaune a benci, Baba ya naɗe ƙafar wandonsa ta hagu har sama da gwiwa. Tun tasowata na san yana ɗan ɗingishi, kuma shekarun baya ya koma yin sallah a kan kujera. Kullum cewa yake sanyi ne. Ban taɓa ganin gwiwar a fili ba sai ranar. Ta kumbura, ta karkace ciki.

Ya ce, "Abin da likitan nan ya kwatanta, shi ya same ni a shekarata ta ƙarshe a kwaleji. Ni ma na ji ƙarar. Na zo gida, kakanka ya tambaye ni, na ce ba komai." Ya yi shiru, ya sauke wandon. "Shekara talatin kullum da ciwon nan nake kwana. Kuma da bakina na koya maka yin shiru. Ka yafe ni, Auta."

Na ce, "Baba, don Allah ka daina. Ba ka yi mini komai ba." Muryata ta ƙi fita sosai. A al'adarmu uba ba ya neman gafarar ɗansa, ban san inda zan sa kaina ba. Na yi kuka a tsakiyar tasha, mutane na wucewa suna kallo, kuma a karo na farko bai ce in tashi ba.

Shanun huɗarmu biyu aka kai kasuwar Maigatari aka sayar, baffana ya ƙara da abin da ya samu, mijin yayata ma ya kawo nasa. A daminar da ta biyo, Yaya da hannu ya yi huɗar gonar gidan, bai taɓa yi mini gori ba ko da wasa. An yi mini aiki a 2015, ya kuma yi kyau. Gashin ya fi aikin wuya, amma rabuwa da ƙwaya ta fi su duka. Likita ne ya tsara yadda zan riƙa ragewa a hankali, don ya ce yankewa lokaci ɗaya na da haɗari. Duk da haka na yi makonni ina gumi cikin sanyi, ƙafafuna ba sa zama wuri ɗaya, barci ya ƙaura, ƙaramin abu ya sa ni fushi. Inna kan shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗakina ta kwana a nan. Sau ɗaya na koma, na kuma faɗa mata da kaina washegari.

A 2016 na gwada buga wasan sada zumunci na ƙauye da ƙauye. Minti arba'in na yi, gwiwar ba ta zame ba, amma ta kumbura kwana biyar. Likita dama ya gaya mini jijiya ta gyaru, guringuntsin da aka yanke kuwa ba ya tsirowa. Na wanke takalmin na ba ɗan Yaya, duk da cewa a lokacin ƙafarsa biyu za su shiga ɗaya. Littafin Baba ya tsaya a kan ƙwallo 41.

Yanzu manomi ne ni. Ina noman rani a fadama, shinkafa da ɗan tumatir, ambaliyar 2022 ta cinye mana gona kamar yadda ta yi wa dubban mutane a ƙasar Ringim, muka sake tashi. Na yi aure, ina da 'ya'ya uku. Idan sanyi ya shigo gwiwar na tuna mini da kanta, kuma har yau da ƙafa a miƙe nake zaman tahiya. Bayan la'asar ina horar da yara a filin makarantar nan da farcena ya ɗaye. Wanda bai je aji ba ranar, ba ya taɓa ƙwallo. Manyan cikinsu da ke tafiya gwaji birni ina gaya musu kada su sa hannu a takardar da ba a ba su kwafinta ba, kada kuma su karɓi ƙwaya daga hannun kowa, ko da kyaftin ne. Abin da ya fi ba ni wahala shi ne sa su faɗi inda ke musu ciwo. Yaran karkara ne, tun suna goye ake ce musu namiji ba ya raki. Ni ma ina son jarumta, ba na son yaron da iska za ta taɓa ya kwanta. Amma gwiwar da ta yi ƙara ta kumbura a cikin sa'o'i kaɗan ba wurin gwada jarumta ba ce, asibiti take so.

Baba ya yi ritaya. Kullum da yamma ana kai masa kujerarsa gindin darbejiyar da ke gefen fili. A watan jiya muna shirin wasan ƙarshe na gasar unguwanni, ƙaramin ɗan Yaya, mai shekara goma sha biyu, ya taka rami ƙafarsa ta gurɗe. Ya faɗi, ya yi wuf ya miƙe, abin da ya fara yi shi ne kallon gindin darbejiya. Na gane wannan kallon. Kafin in yi magana Baba ya ɗaga sandarsa.

"Zo nan, abokina."

Yaron ya zo yana ƙoƙarin ɓoye ɗingishi, yana cewa ba komai.

"Ban tambaye ka ko da komai ba. Ina ne yake maka ciwo? Nuna mini da hannunka."

Ya daɗe a tsaye, sannan ya sunkuya ya taɓa idon sawunsa. Na tayar da babur na kai shi Ringim. Targaɗe ne na gaske wannan karon, aka ce ya huta mako uku. Ranar wasan ƙarshe yana zaune a ƙasa kusa da kujerar kakansa da bandeji a ƙafa, abokansa na shiga fili, shi yana ta sharar hawaye da gefen riga. Baba ya ɗora hannu a kansa, ya bar shi ya yi kukansa har aka busa usur.